CHEW na da ikon rubuta magani ko babu?

Tambaya: Salamu alaikum. A yawancin asibitocin ƙauye babu likita, malamin asibiti, wato CHEW (ma'aikacin lafiyar al'umma), shi ne ke duba mara lafiya ya rubuta magani. Shin doka ta ba shi wannan iko, ko dai rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana da iko, amma mai iyaka. CHEW da JCHEW (ƙaramin CHEW) da CHO (babban jami'in lafiyar al'umma) suna aiki ne da littafin Standing Orders, da lasisin CHPRBN, hukumar da ke yi musu rajista. Littafin ya tsara komai: alama kaza, magani kaza, ko a tura babban asibiti. Misali yaro ɗan wata 2 zuwa 11 mai tari, idan numfashinsa ya kai 50 a minti, a ba shi amoxicillin mai narkewa, miligiram 250, safe da yamma, kwana 5. Idan ya kasa shan nono ko yana jijjiga, ba na nan ba ne, a tura shi babban asibiti. Abin da babu shi a littafin kuwa, ko shekara nawa mutum ya yi yana aiki, ba huruminsa ba ne.

Amsa ta 2: Ƙari kan maganar malam: tsarin raba ayyuka na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na 2014 ya buɗe wa CHEW sanya ashanar tazarar haihuwa da ba da allurar farko ta magnesium sulphate ga mai ciki mai taune-taune. Sharaɗin shi ne horo na musamman da aiki a gaban ƙwararre, takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba.

Allurar nan ce ake yawan kuskure a kanta. Giram 10 ne, 5 a kowane ɗuwawu, wato mililita 10 na mai ƙarfin kashi 50 a kowane gefe, 20 ke nan gaba ɗaya. Wasu na ƙirga kwalba maimakon giram, alhali girman kwalaben ya bambanta, sai matar ta sami rabin magani jijjigar ta dawo a hanya. A rubuta lokacin da aka yi allurar a takardar turawa, don kada can a maimaita mata.

Amsa ta 3: Mai kemis fa daban ne, kada a haɗa. Lasisinsa na PCN, hukumar kula da masu harkar magunguna, na sayar da magungunan da aka lissafa masa ne kawai. Ba ya allura, ba ya ƙarin ruwa, balle su tramadol.