Muhawara: Ko Jami'a Za Ta Iya Buɗe Binciken Malamanta Ba Tare da Izinin Mawallafi Ba?

Mai gabatar da batu, malamin kimiyya: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk binciken da aka yi da kuɗin gwamnati ya kamata a sanya shi a rumbun intanet na jami'a ranar da ya fito, kowa ya karanta kyauta, ko kamfanin da ya buga shi, wato mawallafi, ya yarda ko bai yarda ba. Malami ne ya yi aikin, albashinsa daga baitulmali yake fitowa, wani lokaci ma da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma takwarorinsa ne suka tantance maƙalar ba tare da an biya su ko kwabo ba. Bayan duk wannan sai kamfani ya kulle ta, ya ce sai laburarenmu ya biya da dala kafin ɗalibanmu su gan ta. Tun 2002 sanarwar Budapest ta yi kira da a buɗe sakamakon bincike ga kowa, mu kuma har yanzu izini muke nema.

Lauya: Wa alaikumus salam. Dakta, ban musa cewa akwai rashin adalci a tsarin ba, amma kalmar "ko bai yarda ba" ita ce ta hana ni goyon bayanka. Ranar da mujalla ta karɓi maƙalarka, ta aiko maka da takardar miƙa haƙƙin mallaka, ka sa hannu cikin murna, wataƙila ba ka karanta sakin layi na biyu ba. Wanda ya sayar da gona ba ya komawa da kaka ya ce zai girbe don shi ya yi shuka. A 2013 Elsevier, babban kamfanin buga mujallun bincike, ya aika wa shafin Academia.edu, inda masu bincike ke ɗora ayyukansu, da wasu jami'o'i takardun neman a sauke maƙalun da marubutansu da kansu suka ɗora. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta yi sassauci ga bincike da koyarwa da laburare, amma a fahimtata sassauci ne na amfani daidai gwargwado, bai kai ga baje dukan maƙala ga duniya ba.

Ma'aikaciyar laburare: Ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa a kan teburina, domin ina ganin ku biyun kuna magana kamar maƙala abu ɗaya ce, alhali kuwa kwafi uku gare ta. Akwai wanda marubuci ya fara aikawa, akwai wanda aka amince da shi bayan gyaran masu tantancewa, sannan akwai bugun ƙarshe mai tambarin mujalla da lambobin shafi. Yawancin manyan mawallafa sun yarda a ɗora na biyun a rumbun jami'a, sau da yawa bayan jiran wata shida zuwa shekara biyu, kuma na ukun ne suke riƙewa. Amma malami zai shigo ofishina da bugun ƙarshe a filashi, in duba ƙa'idar mujallar in ce masa ba wannan ba, ya kawo wanda aka amince da shi, sai ya ce ai yana cikin kwamfutar da ta lalace bara. Rumbunan da ke kan manhajar DSpace, irin na Jami'ar Jos ko Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello, ba za su cika da maƙalu ba idan marubutan ba su adana kwafin da doka ta riga ta halatta musu ba.

Ɗalibin digiri na uku: Hajiya, shekara guda ta jira a wajenki ƙa'ida ce, amma a wajena zangon karatu biyu ne da kuɗin makaranta. Idan na danna maƙala aka ce in biya dala talatin ko arba'in, kowa a nan ya san Sci-Hub nake nufa, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin mawallafa ba. In dai a ɓoye kowa yana karanta su, me zai hana jami'a ta yi abin a sarari?

Lauya: Abin da zai hana shi ne jami'a tana da adireshi da asusun banki da shugaban da za a kai wa sammaci. A 2017 wata kotu a New York ta yanke wa Sci-Hub diyyar dala miliyan 15 ga Elsevier, shafin ya ci gaba da aiki saboda hannun kotun bai kai gare shi ba. Jami'a ba ta da wannan mafaka.

Editan wata ƙaramar mujalla: Ina so a tuna cewa ba kowane mawallafi ne Elsevier ba. Mujallarmu da kuɗin da marubuta ke biya da 'yan kwafin da muke sayarwa take rayuwa, kuma idan an ce a kwashe komai ranar fitowa, mu ne za mu fara rufewa, ba kamfanonin Turai ba. Sannan akwai kundayen digiri. Ɗalibi ya yi shekaru yana tattara bayanai, a ɗora kundinsa gaba ɗaya, wani a wata jami'a ya sauya sunan gari da na ƙaramar hukuma ya miƙa a matsayin nasa.

Ma'aikaciyar laburare: Malam Edita, a kan kundaye ban yarda da kai ba ko kaɗan. Satar fasaha ta fi samun wurin zama a lokacin da kundi ke kwance a kanta cikin ƙura, ba mai iya kwatanta shi da wani. Wanda aka ɗora yana ɗauke da suna da ranar ɗorawa, kuma manhajar gano kwafe tana ganinsa. Ɗalibin da ke shirin mayar da kundinsa littafi kuwa, ana iya rufe masa shi na wani wa'adi idan ya nema a rubuce.

Farfesa: Na saurare ku, kuma a ganina an ɗauko rigimar daga ƙarshenta. Wurin da ake cin nasara ko a faɗi shi ne kafin sa hannu. A watan Fabrairun 2008 malaman tsangayar fasaha da kimiyya ta Jami'ar Harvard suka kaɗa ƙuri'a cewa kowannensu ya ba jami'ar lasisin yaɗa maƙalunsa tun kafin ya miƙa su ga wata mujalla, saboda haka duk yarjejeniyar da ta biyo baya ta tarar da wannan lasisi a gabanta. Jamus ta bi ta hanyar doka: daga 2014, marubucin da aƙalla rabin kuɗin bincikensa na gwamnati ne yana da ikon ɗora kwafin da aka amince da shi bayan wata 12, ko me takardar mawallafi ta ce. Faransa ta yi irin haka a 2016, wata 6 ga kimiyya da likitanci, wata 12 ga ilimin zamantakewa da adabi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya karya haƙƙin mallaka. Hana shi kuɓucewa gaba ɗaya suka yi. Majalisar malaman kowace jami'a tana iya zartar da irin ƙudurin Harvard ba tare da jiran Majalisar Tarayya ba.

Mai gabatar da batu: Ranka ya daɗe, ƙudurin Harvard yana da ƙofar fita, domin duk malamin da ya nemi a cire maƙalarsa daga tsarin ana cire masa. Ka duba ƙaramin malaminmu da kwamitin ƙarin girma ya ce sai ya buga a mujallar da ke cikin Scopus, kundin jerin mujallun bincike da aka tantance. Idan mujallar ta ɗaure fuska, da gudu zai zo neman a cire shi, kuma ba zan ga laifinsa ba. Zan janye "ko bai yarda ba" idan har ƙudurin zai zo tare da sharaɗin cewa ba za a ƙirga maƙala a ƙarin girma ba sai an ajiye kwafinta a rumbu, ko da a rufe ne zuwa cikar wa'adi.

Lauya: Wannan sharaɗi ba ya saɓa wa kowace yarjejeniya, domin ajiyewa daban, buɗewa daban. Sai dai ƙudurin ba zai koma baya ya kama maƙalun da aka riga aka sa wa hannu ba. Waɗannan sai Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mujalla bayan mujalla.

Ma'aikaciyar laburare: To, Farfesa, idan za ka kai maganar gaban majalisa, ka haɗa da buƙatar ƙarin ma'aikata a sashenmu da kuɗin biyan wutar da za ta riƙe sabar dare da rana.