Wa ya kalli tsohon fim ɗin Faransa na ɗan mai tsaga katako?

Ɗan Maigatari: Salamu alaikum jama'a. Ran Alhamis a kasuwa wani abokina ɗan Damagaram mai kawo raguna ya tura min tsohon fim, Le Rouge et le Noir, na 1954. Tsawo gare shi ba kaɗan ba, sau biyu ina kai wayar shagon caji, ga faransancin nawa bai wuce gaisuwa ba. Na dai ga yaro yana koyar da 'ya'yan wani babba, ya ƙulla soyayya da uwarsu, can na gan shi a Paris, ƙarshe kuma ya dawo ya harbe ta a coci. Wai me ta yi masa ne?

Malam na Gumel: Wa alaikumus salam. Daga littafin Stendhal na 1830 aka ɗauko shi, Claude Autant-Lara ya shirya, Gérard Philipe ne ya fito a Julien Sorel. Ɗan talaka ne amma kai na ja, ya haddace Sabon Alkawari da Latin, shi ya sa magajin gari ya ɗauke shi. Sunan fim ɗin na nufin Ja da Baƙi, jan ana cewa kakin soja ne, baƙin kuma rigar malaman coci, don bayan faɗuwar Napoleon ɗan talaka in yana son ɗaukaka to sai ta coci. A Paris ya zama sakataren wani basarake, 'yarsa Mathilde ta mace a kansa har uban ya sakko an samo masa muƙamin soja, kwatsam sai ga wasiƙar Madam de Rênal, matar magajin garin nan, wai mayaudari ne mai bin mata don dukiya. Komai ya rushe, shi ya sa ya harbe ta. Ba ta mutu ba fa, amma shi an sare masa kai.

Maman Ihsan: Ai ba ƙarya ta yi ba. Ka ci tuwon mutum ka zagaya bayansa? Mun san irinsu, a tura yaro karatu birni da kuɗin gyaɗa, ya dawo yana ƙyamar tabarmar ubansa.

Malam na Gumel: Hajiya a yi masa adalci, limamin da take kai wa ikirarin zunubi ne ya sa ta rubuta. Kuma a kurkuku ita ya gane yana so, ba 'yar masu kuɗin ba.

Maman Ihsan: Bayan ya ɗirka mata harsashi? Allah ya raba mu da irin wannan so.

Ɗan Maigatari: Malam ran kasuwa zan biyo ta Gumel da wayar, ka fassara min maganar da ya yi a kotu, na ga fuskokin manya sun canza.