Cin abinci a gidaje masu rassa a ƙasar waje: ta ina kuɗin ke zurarewa?

Ƙanenku na Zariya

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Bana yaran unguwarmu huɗu ne za su fita: biyu karatu Faransa, ɗaya Amurka, ɗaya kuma zai fara bin Alhajinsu sari Dubai da Sin. Duk wanda ya zo hutu Maraɗi kukansa ɗaya ne, kuɗin abinci. Kowa ya san girki a ɗaki ya fi araha, ba shi nake tambaya ba. Ranar da mutum bai samu ɗora tukunya ba, dole ta sa shi shiga irin su McDonald's da KFC, yaya zai yi ya ƙoshi bai yi ɓarna ba? Waɗanda ke can a taimaka mana dalla-dalla.

Ɗan Mokoyo, Liyon

Wa alaikumus salam ƙanena. Su fara riƙe lissafi ɗaya: yuro guda kusan sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka. A ce abin da suke kira menu, wato sanwic da firit da lemu, ya kama yuro 10. Jika shida da ɗari ke nan har da ɗoriya. Wanda ya mai da shi abincin rana sau ashirin a wata ya kashe yuro 200, sama da jika 131.

Babbar kafar da kuɗi ke bi ita ce abin sha. A Faransa ruwan famfo kyauta ne ga wanda ya zauna cin abinci, kuma tun 2022 doka ta ce a rubuta haka inda mutane za su gani. Sai dai in ka ce "ruwa" kawai, na kwalba za a miƙo maka a sa a lissafi. A gidan da ake kawo abinci tebur ka ce "une carafe d'eau", a na tsaye kuma ka roƙi kofin ruwa a kanta. Kada su sa rai da ƙarin lemu kyauta irin na Amurka, an hana shi a nan tun 2017.

Na biyu, allon nan da ake latsawa a yi oda. An tsara shi ne ya yi ta tambaya: a ƙara girma? a sa cuku? ga kayan zaƙi fa? Kowace "i" kuɗi ce. Ƙananan sanwic masu araha ba sa fitowa a shafin farko, sai ka gangara ka nemo su. Biyu daga cikinsu da kofin ruwa sukan yi ƙasa da menu guda, cikin kuma ya ɗauka. Kafin ka sa kati ka duba jerin abin da ka zaɓa, don miyar dangwale ta biyu da ta uku ba kyauta ba ce a wurare da yawa.

Mai jin yunwa ta gaske ya nemi Flunch. Ka sayi faranti guda mai zafi, a ce kifi, sannan shinkafa da taliya da firit da ganye ka ɗiba iya cikinka, ka koma ka ƙara. Inda ake kama mutane a nan shi ne hanyar zuwa wurin biya: an jera salak da kayan zaƙi da lemu, kowane da kuɗinsa. Tire ya isa wurin biya da faranti ɗaya kawai.

Tukuici ba dole ba ne. Farashin da ke rubuce ya haɗa haraji da ladan masu hidima.

Yayarku ta Bagalam, Lil

Yaya ya yi bayani, amma ya tsallake abin da ya fi muhimmanci ga ɗalibi. Kafin su kalli kowane gida mai rassa su nemi gidan abincin Crous na jami'arsu. A shekarar karatu ta 2024-2025 cikakken abinci yuro 3,30 ne, masu tallafin karatu da waɗanda aka tantance suna cikin matsi yuro 1. A shekarar nan ɗalibin da ya zo daga waje ma an ba shi damar neman na yuro 1 ɗin, in ya cika takardu aka duba halin da yake ciki. Da Izly, asusun biya na ɗalibai, ake biya, a buɗe shi tun makon farko. Matsalar Crous lokaci ne: yawanci rana kawai, kuma da yawa a rufe suke Asabar da Lahadi. Ranakun nan ne ake faɗawa hannun masu rassa.

Don haka a sauke manhajar Too Good To Go a waya. Gidajen burodi da na abinci suna sayar da abin da ya rage musu kafin su rufe, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Abu biyu ke ɓata shi. Ba kai ke zaɓar abin da ke cikin jakar ba, sanwic mai naman alade na iya faɗowa, shi ya sa gara a ɗauki na burodi zalla ko wanda aka rubuta babu nama. Sannan akwai lokacin karɓa, wani wurin minti talatin kacal. Ka makara, kuɗinka sun tafi.

Wanda ya samu aiki ko horon aiki a kamfanin da ke ba da katin abinci ya karɓa, kada kunya ta hana shi tambaya. Kamfani ke biyan kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, ana iya kashe har yuro 25 a rana, amma galibi ba ya aiki ran Lahadi. Kuma abin da ka rage a faranti haƙƙinka ne a ƙunsa maka, doka ce tun 2021.

Kawunku na Buronkis

Yaron da zai zo Amurka ya manta da duk abin da ƴan Faransa suka faɗa game da farashi. A nan abin da ke rubuce ba shi za ka biya ba. Haraji sai a wurin biya ake ɗora shi, kuma kowane gari da nasa. A birnin Niyok kashi 8,875 ne cikin ɗari. In gidan da ake zama a kawo maka ne, akwai tukuicin kashi 15 zuwa 20, yanzu ma 20 ɗin aka fi bayarwa. Faranti na dala 15 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwar Maraɗi ba) zai tashi 19 da ƴan kai kafin a yi maganar abin sha. Kada ya ce zai yi tsimi ta hana tukuici. Dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2,13 a awa in yana samun tukuici, kuma a jihohi da dama haka ake yi, ka ga hana shi cin haƙƙi ne. Wanda ba ya son biya ya je inda ake oda a tsaye. A can ma allo zai juyo yana nuna 18, 20, 25, amma wannan ganin dama ne, akwai wurin latsa babu.

In kun je ku shida ko takwas, ku karanta takardar kuɗin da kyau. Wasu gidajen sun riga sun sa tukuicin a ciki, wajen kashi 18, sannan ga layin tukuici a ƙasa babu komai. Baƙo sai ya cike shi ya biya sau biyu.

Ga inda ake samun sauƙi. Kofin ruwa kyauta ne kusan ko'ina, ruwa kawai za a zuba a ciki. In lemun kake so, ƙaramin kofi ya isa a wurin da injin yake waje, tunda za ka koma ka ƙara. A Chipotle ka ɗauki kwano maimakon naɗi, ka ce a ƙara shinkafa, a sa wake iri biyu, ba a ƙara kuɗi a kansu. Na marasa nama ma da miyar afokado yake zuwa. Kwano guda ya yi rana da dare. Fiza kuwa ka je ka karɓo da ƙafarka: Domino's da irinsu suna da farashi dabam na wanda ya zo ɗauka, na kawowa gida kuma akwai kuɗin kawowa, ga tukuicin direba a kai.

Malam na Sabon Gari

Allah ya saka muku da alheri. Tambaya ɗaya: duk rangwamen nan, a kan abin da ya halatta ne? Kada yara su je neman araha su ci abin da ba shi ke nan ba.

Ɗan Mokoyo, Liyon

Allah gafarta Malam, tambayar tana kan hanya, don sau da yawa sanwic ɗin da aka karya wa farashi mai naman alade ne a ciki. Duk inda aka ga bacon, jambon, lardons ko pepperoni a bari, sai in gidan ya rubuta ƙarara cewa na sa ne ko na talo-talo. Maganar yankan Ahlul Kitabi mun bar muku ita ku malamai. Abin da za mu iya faɗa shi ne wane gida ne ya ce namansa halal ne. McDonald's na Faransa da na Amurka ba su ce ba, shi ya sa ƴan'uwa da yawa ke tsayawa a kan na kifi. Quick mafi yawan rassansa a Faransa halal ne, O'Tacos ma haka namansa yake, kuma babban nasu ya ishi mutum biyu. A Ingila KFC da Nando's da Subway wasu rassan ne kawai, ba duka ba, sai an duba takardar da ke manne a reshen. Ko firit ɗin McDonald's ba ɗaya ba ne: na Amurka akwai ɗanɗanon naman sa a cikin haɗinsa, na Faransa man tsirrai ne.

Alhaji na Ali Ɗan Sofo

Ku yara kun cika lissahi, amma kun yi daidai. Ni ga nawa ga mai bin sari. Saudiyya da Dubai babu wannan damuwa ta halal, kuma kuɗin da anka rubuta shi za ka biya, haraji na ciki: kashi 15 a Saudiyya, 5 a Dubai. Al Baik, wanda anka fara a Jidda tun 1974, shi ne na talaka. Kaza da burodi da dankali da miyar tafarnuwa. In ku biyu ne ko uku, ku sayi mai yanka takwas ku raba, ya hi kowa ya sayi nashi. Kada ku je da an sallame salla, layi sai ya kai titi. Kuma shagunan benayen bakin Harami sun hi na Aziziyya tsada, ku ci can kahin ku taho.

Guwanzu ta ƙasar Sin ita ce wurin hattara. KFC ɗin da kunka ci a Dubai hankali kwance, na can ba halal ba ne, suna ne kawai ɗaya. Ku nemi masu taliyar Lanzhou mai naman sa, suna ko'ina wajen unguwar Xiaobei, ku duba wannan rubutu a ƙofa: 清真. Ba a ba da tukuici. Amma gidajen zama suna da kuɗin shayi, kowane kai da nashi, ko ba ku sha ba. Ku tambaya kahin ku zauna.

Ɗanku mai gyaran waya, Landan

Baba Alhaji ya gama magana. Ni ta fannin waya zan ƙara, don rangwame na gaske yanzu a manhajar kowane gida yake, ba a allon kanta ba, kuma a nan baƙo ke makalewa. Wayar da aka buɗe asusunta na Google ko Apple a Nijar sau da yawa ba ta ma ganin manhajar ƙasar da ka je. Sai ka canza ƙasar asusun, ko ka buɗe sabon asusu da adireshin can; na biyun ya fi sauƙi, don canza ƙasa ba a yinsa yau a sake gobe. Wasu manhajojin kuma ba sa tura lambar tabbatarwa zuwa layin +227, sai ka sayi layin ƙasar. Makin da ka tara a Faransa ba ya aiki a Beljiyam, kuma yana mutuwa in ya daɗe. Lambar rangwamen a nuna ta kafin a biya, in an riga an buga takarda shi ke nan. Rassan filin jirgi da na tashar jirgin ƙasa da na bakin babbar hanya sun fi tsada, kuma da yawa ba sa karɓar rangwamen manhaja.

Kada a haɗa wannan da manhajojin kawo abinci gida irin su Uber Eats ko Deliveroo ko DoorDash. Su kamasho suke karɓa daga gidan abincin, yana kaiwa kashi 30, don haka sau da yawa farashin cikinsu ya ɗara na kanta tun kafin kuɗin kawowa da na hidima. Rangwamen odar farko kawai ke da daɗi. Wanda ya karɓi watan gwaji kyauta ya sa ƙararrawa ya soke shi, in ba haka ba za a fara cira daga katinsa shiru.

Katin banki ma akwai tarko. In na'urar biya ta tambaye ka da kuɗin wace ƙasa za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake tsaye, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinka tsada. A Sin, Alipay da WeChat suna karɓar katin waje, amma abin da ya haura yuwan 200 akwai kashi 3 a kai.

A nan Ingila in an tambaye ka a nan za ka ci ko tafiya za ka yi, ba gaisuwa ba ce. Sanwic mai sanyi in ka fita da shi babu haraji, in ka zauna akwai kashi 20. Ɗalibi kuma ya yi rajistar UNiDAYS ko Student Beans, masu samar wa ɗalibai rangwame, da imel ɗin makaranta.

Ƙanenku na Zariya

Madalla, Allah ya bar zumunci. Zan tura musu duka. Saura ɗaya: takardar biyan nan, a yar ko a ajiye?

Yayarku ta Bagalam, Lil

A ajiye har a fita. A wasu rassan lambar buɗe ban ɗaki a jikinta take. Wasu gidajen kuma suna buga ƴan tambayoyi a bayanta, ka amsa a intanet a ba ka lambar samun sanwic ko rangwame a zuwa na gaba, amma kwanakinta ƙidayayyu ne. Kuma su buɗe jakar a kanta su ƙirga abin da ke ciki da takardar a hannu, don in firit ya ɓace aka kai gida babu mai saurarensu.