Ranar lissafi ta 14 ga Maris: mi za mu auna, kuma ƙarfe nawa ke nan a Montiriyal?

Mushen Lissafi, Tawa:

Assalamu alaikum malamai. Lakwal ɗinmu na son raya Ranar Lissafi ta Duniya bana, 14 ga Maris 2026, ga ta ta faɗo Asabar, kuma cikin azumi. Tambaya biyu gare ni. Wane aiki ne ƴan ajin farko da na biyu na kwaleji za su yi da hannunsu har su fiddo pi, wato lambar nan 3,14 da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, ba tare da kayan tsada ba? Sannan akwai mutum biyu da za su yi wa yaran magana ta bidiyo, ɗaya daga Montiriyal ta Kanada, ɗaya daga Liyon ta Faransa. An ce mini ƙasashensu na canza agogo cikin Maris. Wane lokaci zan ba su don kar mu saɓa?

Malam Mai Ritaya, Yamai:

Wa alaikumus salam Mushe. Bari in ɗauki ta farko. Aikin sananne ne: a auna kewayen abu mai da'ira, a auna faɗinsa ta tsakiya, a raba kewayen da faɗin. Inda ake samun cikas shi ne zaɓen abin aunawa. Yara na son ɗauko kofi ko gwangwanin tumatir, alhali ƙaramin abu shi ya fi cin amana. Gwangwani mai faɗin santimetir 7, in an kuskure da milimetir 2 kaɗai, amsar za ta faɗi tsakanin 3,05 da 3,23. Wannan kuskuren a kan tayar keke ko bakin tano, da ƙyar zai taɓa lamba ta biyu bayan wakafi. Saboda haka ku nemo manya: taya, tano, babban tire, murfin tukunyar biki. Faifai da ƙwarya ku bar su, ba su cika zama da'ira sosai ba.

Kar a auna kewaye da zaren leda ko na ulu, yana miƙewa idan an ja shi. Metir ɗin tela ya fi. Faɗi kuwa, kar a bar yaro ya nemi tsakiya da ido, don kusan kullum zai bi ta gefe ya samo ƙasa da gaskiya, amsa ta haura 3,2. A aza abin a ƙasa, a matse shi tsakanin bulo biyu masu miƙaƙƙen gefe da ke fuskantar juna daidai, a auna tazarar da ke tsakaninsu.

Wanda ya fi armashi a filin lakwal ake yin sa. A kafa turke, a ɗaura igiya, a auna metir 5 daga turken zuwa sandar zane, a zana da'ira a kan rairayi. Faɗi metir 10 ke nan, kewaye kuma ya kamata ya ba da metir 31 da santimetir 42. Madaukin igiyar ya zama sako-sako yadda zai juya a jikin turken. In aka ɗaure shi tamau, igiyar na naɗewa tana gajarcewa, zanen ba zai haɗu da mafarinsa ba. Kowane rukuni ya rubuta amsarsa a allo, a tara a raba da yawan rukunai. Ku gama wannan kafin ƙarfe 10, zafin Maris na Tawa da azumi ba abin wasa ba ne.

Injiniyar Sadarwa, Yamai:

Mushe, batun agogo sai an bi shi da kwanan wata, don Amurka da Turai ba rana ɗaya suke canzawa ba. Mu Nijar muna gaban agogon duniya na GMT da awa ɗaya, shekara zagaye, ba ma motsi. Amurka da yawancin Kanada suna tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a Maris, haka suke yi tun 2007. Bana 8 ga Maris ke nan. Ƙasashen Tarayyar Turai sai Lahadin ƙarshe ta Maris, bana 29 ga wata. Ranarku ta faɗo a tsakani.

Don haka ran 14 ga Maris agogon Liyon daidai yake da namu, ba bambanci. Montiriyal kuwa tana bayanmu da awa 5. Tarkon yana nan: in kun tsara abin cikin Fabrairu, lokacin bambancin awa 6 ne, baƙonku ya rubuta sa'ar da agogonsa na wancan lokaci, to zai shigo awa ɗaya kafin ku shirya, ya zauna jira har ya gaji. Ku rubuta masa kamar haka: Asabar 14 ga Maris, ƙarfe 1 na rana agogon Nijar, 12 agogon GMT, 8 na safe a Montiriyal, 1 na rana a Liyon. Na zaɓi ƙarfe 1 ne don in kun sa 10 na safe, shi ƙarfe 5 na asuba ne a wurinsa.

Ku duba kwamfutar da za ku yi amfani da ita. Da yawa da aka girka da Faransanci suna kan yankin lokaci na Faris ba a sani ba, tunda daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya. Ran 14 ba za ta ba ku matsala ba, amma daren 29 ga Maris ƙarfe 2 za ta yi tsalle zuwa 3 da kanta. Haka ma wayar da aka saita da hannu. A zaɓi Yamai ko Legas cikin jerin biranen, shi ke nan. In kuma kuna da baƙo daga Maroko, su akasin haka suke yi: agogonmu ɗaya, amma da azumi suna komawa baya da awa ɗaya.

Mushen Lissafi, Tawa:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Yara za su tambaye ni dalilin da ya sa mu ba mu canzawa, da kuma dalilin zaɓen 14 ga Maris. Mi zan ce musu a taƙaice?

Malamar Kimiyya, Tawa:

Ranar daga salon rubuta kwanan wata na Amurka ta samo asali, wata kafin rana, wato 3/14, mai kama da 3,14 na pi. An fara bikinta a 1988 a wani gidan baje kolin kimiyya na San Faransisko, sannan UNESCO ta mayar da ita Ranar Lissafi ta Duniya a Nuwamban 2019, aka yi ta farko a 2020. Mu da muke rubuta 14/03 sai an bayyana wa yaro kafin ya gani. In za ka kawo tarihi, Arkimidis ya nuna pi na tsakanin 223/71 da 22/7 ta hanyar siffa mai gefe 96, al-Kashi kuma ya kai lamba 16 bayan wakafi a 1424 a Samarƙand. Ka jaddada musu cewa 22/7 kusantawa ce kawai, tana ba da 3,1428 alhali pi 3,1415 ne da ci gaba. Kada ka manta da namu, Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai gida tara, kowane layi ya ba da 15, aiki ne mai kyau na cikin inuwa bayan an dawo daga fili.

Canjin agogo kuwa maganin damuwar da ba mu da ita ne. A Faris yini na kaiwa wajen awa 16 a Yuni, ya sauko kusan 8 a Disamba, shi ya sa suke jan hasken safiya zuwa maraice. Jamus ta fara a 1916, Faransa ta koma yi a 1976 bayan tsadar man fetur. A nan bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, ba abin da za a ja.

Ga aikin da zai haɗa maka batutuwan biyu. Ku kafa sanda mai tsawon metir 1 a fili shimfiɗaɗɗe, ku daidaita ta da zare mai dutse a ƙasa, don in ta karkata ko kaɗan awon ya ɓaci. Daga 12:15 a riƙa sa alama a bakin inuwar duk minti 5. A Tawa ran 14 ga Maris inuwar ba za ta kai ƙarshen gajartarta ba sai wajen 12:48, tsawonta kusan santimetir 31. A Yamai sai wajen ƙarfe 1, don ta fi mu yamma da darajoji uku, kowace daraja kuwa minti 4 ce. Sai dai zai ci karo da kiran bidiyon, tunda ana bukatar alamu har wajen 1:15 kafin a tabbatar inuwar ta koma tsawo. Ka ware yara biyar su tsaya kan sandar, ko ka matsar da kiran zuwa 1:30, wato 8:30 a Montiriyal.