Na ɗaura eriyar zangon mita 40 amma ƙara kawai nake ji, ina matsalar take?

Sani_Mai_Dalma

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja ta, don wanda zai amsa ya san abin da ke hannuna.

Sana'ata gyaran talabijin da amfilifaya, a Zariya nake. Sauraren gajeren zango kuwa gado na yi, don a gidanmu ba a karyawa sai an ji labaran safe na BBC, allurar rediyon mahaifinmu kuma da wuya ta bar Kaduna a kan kilohaz 6090. Tun a lokacin, idan na murɗa ƙasa da mita 41 kaɗan, nakan ji wasu muryoyi suna kwakwazo kamar agwagwa, ko kalma ɗaya ba a ganewa. Sai da na girma na san masu rediyon sha'awa ne ke hira da juna daga ɗakunansu, kuma salon da suke magana da shi, SSB, ƙaramin rediyon gida irin su Kchibo ba ya iya warware shi. Su nake so in ji.

Wani abokina da ke saro kaya daga Alaba ya kawo mini RTL-SDR V3, ɗan abin nan na kama rediyo da ake soka wa kwamfuta a ramin USB. Na sa manhajar SDR#, na zaɓi saitin Q, don na karanta cewa sai ta nan yake kama gajeren zango. Eriya ni na haɗa. Na raba 143 da megahaz 7.1 don samun tsawon wayar, ya ba ni mita 20 da 'yan kai, wato kowane hannu mita 10 da santimita 7. Wayar wuta ce ta 1.5, ragowar wayarin ɗin wani gida. Tsakiyar guntun bututun roba ne na famfo, na huda shi da ƙusa mai zafi, na zura wayoyin na ɗaure, na manne su da dalma a jikin kebul ɗin dish, RG6. Na kafa gora a jikin ƙarfen tankin ruwa. Hannu ɗaya ya tafi bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida, ɗayan kuwa da yake fili bai isa ba, ya bi ta saman kwanon ɗakina, tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba.

Manyan tashoshi na mita 41 da 31 suna shigowa raɗau. Amma daga megahaz 7.000 zuwa 7.200, wato zangon mita 40, inda aka ce nan ne filin masu sha'awa, shuuu kawai. A fuskar kwamfutar sai ka ga layuka a tsaye reras, tazararsu ɗaya, suna ɗan rawa hagu da dama. Bayan magariba abin ya fi muni.

To tsawon wayar ne bai yi daidai ba, ko ɗan abin ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa dama babu kowa a wurin ina ta wahalar da kaina?

Baffa_Tudun_Wada

Wa alaikumus salam. Malam Sani, kada ka taɓa tsawon wayar nan, lissafinka daidai yake. Kuma ko da ka yi kuskuren rabin mita, mai saurare ba ya jin bambanci. Wanda zai tura magana ne yake kwana yana datse waya da filaya, don kada wutar ta komo ta ƙona masa transista.

Mutane kuwa suna nan. Ni da na yi aikin sadarwa har na yi ritaya, na san lokacin da rabin wannan filin ma ba namu ba ne, don sai a 2009 aka tashi gidajen rediyo daga 7.100 zuwa 7.200 aka bar wa masu sha'awa a yankinmu na Afirka da Turai. Abin da ya hana ka jin su yana cikin gidanka ko gidan maƙwabcinka. Layukan nan da ka gani a jere masu tazara ɗaya, sa hannun caja ne, ko inbata, ko na'urar cajin sola, ko ƙwan fitila na LED mai araha. Duk suna datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa guda, kowace datsa kuma tana fesa ƙara har cikin gajeren zango. Ka ce bayan magariba ya fi muni, to ai lokacin ne kowa yake kunna nasa. A zamaninmu da an ɗauke wuta sai unguwa ta yi tsit, har iskar rediyo ta yi wasai. Yanzu ɗauke wutar ne ke tayar da inbatoci.

Ga abin da za ka yi, ba sai ka kashe ko sisi ba. Zare cajar kwamfutar ta zauna a kan batirinta. Kashe komai na gidan daga babban makunni, har da sola, ka cire ta daga batir. Dubi fuskar. Sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda layukan suka dawo da shi, shi ne ɓarawonka. In ka kashe komai layukan ba su tafi ba, ɗauki Kchibon nan da ka raina, ka sa shi a matsakaicin zango inda babu tasha, ka bi bango da shi. Duk inda ka kusanci mai laifin, zai faɗa maka da kansa.

Sai hannun da ya bi saman kwano. Ɗauke shi. Kamu biyu ya yi kusa ƙwarai, ga wayoyin silin a ƙarƙashinsa suna shayar da shi ƙara. Ba dole eriyar ta miƙe sambal ba. Ɗaga tsakiyar iya yadda gorar za ta kai, hannuwan su gangaro, in ƙarshen ɗaya ya lanƙwashe ya bi katanga babu laifi. Kebul ɗin dish da ka sa ya yi, om 75 ne, eriya irin wannan kuma can wajen 73 take. Sai dai bayansa yana kwaso ƙarar ɗaki ya hau da ita sama ta dawo maka. Naɗe shi kamar zagaye goma sha biyu a jikin bututun roba mai inci huɗu, dab da inda ya haɗu da wayoyin. Ka kuma nemi baƙin kullutun nan da ke jikin wayar tsohuwar monita, ferait ne a ciki, ka tara su ka zura a kebul ɗin kusa da kwamfuta, da kuma wayar USB.

Abu biyu na tsaro. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a doguwar waya har ka ji tana ƙyas-ƙyas a bakin kebul, kuma ta isa ta kashe ɗan abin naka. Sa resista mai kilo-om 100 ko sama da haka tsakanin cibiyar kebul da ragarsa, ragar kuma ka kai ta ga rodi da ka kafa a ƙasa mai laima. Da damina kuwa resista ba ta san aradu ba. Da ka ga hadari ya haɗo, kwance kebul ɗin ka jefa shi waje ta taga.

Kada ka manta, SSB kashi biyu ne, LSB da USB (ba ramin kwamfuta ba), kuma a mita 40 LSB ake magana. In ka haura megahaz 10, USB.

Malama_Hadiza_Fiziks

Baffa ya gama magana a kan ƙara. Abin da zan ƙara, Malam Sani, hanyar da za ka tabbatar eriyarka na aiki ko da kunnenka bai ji kowa ba. Sauke manhajar WSJT-X, kyauta ce. Joe Taylor ne ya jagoranci rubuta ta, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, kuma a 2017 suka fito da salon FT8 a cikinta, na musayar gajeren saƙo tsakanin kwamfutoci ta rediyo. Je 7.074 da dare ko 14.074 da la'asar, duka biyun a USB, ka tura sautin SDR# zuwa cikinta. Tana tsamo saƙon da ya nutse ƙarƙashin ƙara, kowane daƙiƙa 15 sai ta zubo maka sunayen kira, wato lambar shaidar kowane mai tasha. Mai farawa da I Italiya ne, EA Sifen, DL Jamus, PY Brazil, ZS Afirka ta Kudu. Namu 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, amma da wuya ka ga namu, shi ya sa in ɗaya ya fito Turawa suke rububinsa. Agogon kwamfutarka dai ya zama daidai, in ya kauce da daƙiƙa biyu shiru za ka gani.

Sannan a halin da ake ciki, wanda ya ga waya ta ratsa daga tanki zuwa bishiya ba ilimi zai fara kawowa a ransa ba. Ka je ka gai da mai unguwa, ka kira maƙwabta su ga abin da idonsu. Da ɗan gari akan ci gari. Tura magana kuma sai da lasisi da sunan kira, ko da ƙaramin oba-oba na Baofeng ne, don yana shiga wuraren da ba na masu sha'awa ba. In ka kai nan ka nemi NARS, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, su nuna maka hanya.

Baffa_Tudun_Wada

Malama, a matsayin gwaji na yarda. Amma kwamfuta ta gai da kwamfuta, mai ita yana can yana shan shayi, ni ban kira wannan hira ba. Yaron nan murya ya ce yana so ya ji.

Illa_Parabol_Maradi

Murya yake so? To Baffa ku ba ni shi. Malam Sani, ni ɗaura parabol ne aikina, kuma hanyar da zan nuna maka ƙarar inbata ba ta kai can.

Akwai tauraron ɗan'adam na Ƙatar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwamban 2018. A jikinsa akwai sashen masu sha'awa da ake kira QO-100, wanda ƙungiyarsu ta Ƙatar da AMSAT ta Jamus, ƙungiyar masu sha'awa mai kula da taurari, suka yi haɗin gwiwa a kai. Ba ya yawo, yana tsaye wuri ɗaya a digiri 26 gabas, wato gefen Badr na Arabsat da muke saita wa mutane kullum. Daga gabashin Brazil har Tailan ana samun sa, dare da rana.

Kayan duk ka san su. Faranti mai santimita 90 ya wadatar, da LNB, wato kan da ke gaban faranti, na gama-gari, amma ka nemi wanda aka rubuta PLL a kwalinsa, don tsohon samfuri yana zamewa har ba ka iya riƙe murya. Tauraron yana sauko da magana tsakanin megahaz 10489.5 da 10490, LNB ya zabtare 9750, sai ta faɗo wajen 739.5 zuwa 740. Nan za ka sa SDR ɗinka, ka fita daga Q ɗin nan ka koma yadda ya zo. Wutar LNB kuwa tsohuwar risiba za ta ba shi. Sa ta a tashar da ke V don ta tura bolt 13, ba tare da sautin 22k ba. Raba layin da sifilita mai wuce wuta ta ƙafa ɗaya, kuma kafin ka soka SDR ka ɗora mita a ɗaya ƙafar ka tabbata babu wuta.

Fara kamo tashoshin Badr da risibar, in sun zauna ka riga ka iso. A wajenmu farantin yana kallon kudu maso gabas, tauraron na sama sosai, wajen digiri 65, kuma sai ka ɗan murɗa wuyan LNB ɗin har siginar ta cika. Za ka ga fitilar tsakiya, wato siginar alama da ke saukowa daga tauraron, a wajen 739.750, ba ta ɗaukewa. Ko PLL ɗin ne, in rana ta buga shi yakan ɗan ja gefe, shi ya sa nake kifa masa farar robar fenti da na yanke gindinta. Manhajar SDR Console tana iya kama fitilar nan ta riƙe komai wuri ɗaya. In kana so ka ji yadda abin yake tun kafin ka hau kwano, akwai mai karɓa a Goonhilly ta Ingila da aka buɗe wa kowa a intanet.

Sani_Mai_Dalma

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baffa, ranku ya daɗe, na bi yadda kuka ce. Ina zare cajar kwamfuta rabin layukan suka ɓace. Da na cire na'urar cajin sola sai saura 'yan kaɗan. Ragowar na bi su da Kchibo har bangon da ya raba mu da shagon cajin waya, inda allo guda ne cike da caja, ga inbata a ƙasan benci. Wannan kam abincin mutum ne, ba zan ce ya kashe ba, sai dai na lura yana rufewa wajen sha ɗaya na dare.

Hannun da ke kan kwano na mayar da shi bayan gida, ya gangara zuwa katangar makewayi, nesa da shagon. Na naɗe kebul a bututu, na sa resistar. Bayan ya rufe shago na zauna a kan batir, sai ga wani a wajen 7.150 yana kiran CQ, wato neman duk wanda zai amsa, da Turanci mai nauyin harshen Italiya, yana maimaita sunan kiransa harafi-harafi, India, Kilo, sauran ƙara ta cinye. Wani ya amsa masa amma shi ban ji shi ba. Malama, FT8 ɗin ma ya zubo, akasari Sifen da Italiya, da PY guda. Mai unguwa kuma na je, cewa ya yi in dai abin yana kamo Makka a kira shi.

Malam Illa, ina da faranti mai santimita 60 da wani ya bari a shago bai dawo ba, da tsohuwar risiba Strong. Sittin ɗin zai yi, ko in nemi casa'in? LNB ɗin da ke jiki kuma babu kwali, in na buɗe murfinsa me zan duba in gane PLL ne?

Illa_Parabol_Maradi

Sittin zai kama fitilar da manyan tashoshi, fara da shi. Buɗe murfin ka duba allon: in ka ga ɗan kiristal na ƙarfe an rubuta 25 ko 27 a kansa, PLL ne. In kuwa wani ɗan farin dutse ne zagayayye a manne, da sukurori a murfin daidai kansa, mayar da shi ka sayi sabo. In ka rufe ka bi bakin da gam, don ruwan damina na shiga ta nan.