Kwalba nawa zan duba cikin 1000?

Mai man gyaɗa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar masana'anta nan Maraɗi, muna ɗura man gyaɗa a kwalabe na lita guda, kamar 1000 a yini. Yarana kan ɗauki 10 a katan na sama su duba, su ce lafiya lau. Sai ga wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya maido mini kaya, wai wasu murfin na yoyo, wasu kuma man bai cika ba. Duba duka ba zai yiwu ba, mai mota ba ya jira. Yaya zan yi?

Malamin lissafi: Hajiya, 10 ɗin nan ta yi kaɗan ƙwarai. A ce kwalba 5 cikin kowace 100 na da aibi. In kika ɗebi 10 kawai, kusan sau 6 cikin 10 ba za ki ci karo da ko ɗaya ba. Yaran ba ƙarya suke miki ba, lissafin ne haka. Akwai ma'aunin da masana'antun duniya ke bi, ISO 2859-1, wanda ya samo asali daga tsarin binciken kaya na sojan Amurka. Ga kaya 501 zuwa 1200, a matakin da aka fi amfani da shi, samfuri 80 ake ɗiba. In kun daidaita da mai saye kan aibi kashi 2.5 cikin 100, to in marasa kyau cikin 80 ɗin ba su wuce 5 ba kaya su wuce, in sun kai 6 a tsayar da su a tantance duka. In aka tsayar da kaya sau 2 cikin ɗuri 5 a jere, sai a koma bincike mai tsanani.

Tsohon ma'aikacin kamfani: Malam ya faɗi gaskiya, amma inda ake ɗiba ya fi damuna. Na sama kullum shi ne mai kyau, ko mai buhun gero a kasuwa ya san haka. Ki riƙa cire kwalba ɗaya cikin kowace 12 tun farkon ɗuri har ƙarshe, a haɗa da na bayan azahar lokacin da yara suka gaji, da waɗanda aka ɗura bayan wuta ta dawo. Kuma wanda ya ɗura kar ya zama shi ke zaɓa.

Mai sabulu: Yaya, ni a ganina yoyo ba ya buƙatar samfuri. A kife kowane katan na ɗan lokaci kafin lodi, mai yoyo zai tona kansa. Ki bar 80 ɗin don awo. Litar man gyaɗa giram 910 zuwa 920 ce, ban da nauyin kwalba, ƙaramin sikeli ya ishe ki.

Mai man gyaɗa: Allah ya saka da alheri. Malam, in na ɗura 400 kawai ran Juma'a fa?

Malamin lissafi: Ki ɗebi 50. In marasa kyau ba su wuce 3 ba kaya su tafi, 4 kuwa ki tsayar. Ki riƙa rubuta sakamakon kowace rana a littafi, da sunan wanda ya ɗura.