Neman shawara: tsohuwar kariyata ta kamu da ciwon suga

Mai tambaya, daga Zuru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kariya mai shekara 9 da take gadin garkena, wadda ta koma yawan shan ruwa da yawan fitsari, tana kuma ramewa alhali cin abincinta bai ragu ba. Likitan dabbobi ya auna jininta da fitsarinta, ya ce ciwon suga ne, ya rubuta mata allurar insulin, wato sinadarin da yake daidaita suga a jini, safe da yamma. Tunda wuta ba ta zama a unguwarmu balle in dogara da firji wajen ajiye insulin ɗin, shin zan iya ba ta ƙwayoyin sugan da mahaifina yake sha a maimakon allurar? Abincinta sauran tuwon gida ne.

Likitan dabbobi, daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwayoyin Baba ba za su yi mata aiki ba, domin kare yakan kamu da wannan ciwo ne bayan jikinsa ya kasa samar da insulin, don haka allurar ce magani, da tazarar awa 12, kowace bayan ta ci abinci. Ka lura da sirinji ƙwarai: insulin na dabbobi yakan zo da ma'auni 40 a kowace mililita, na mutane kuma 100, kuma wanda ya ja na mutane da sirinjin dabbobi ya ba da ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Idan ba a cire mata mahaifa da ƙwayayenta ba, ka tuntuɓi likitanka kan batun cire su, domin sugan yakan rikice duk bayan lokacin barbara. Ranar da ta ƙi abinci ko ta yi amai, kada ka yi allurar sai ka kira shi.

Mai shagon magani, daga Jega:
Ana so insulin ɗin ya zauna a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius, kuma kada ya daskare. Ka roƙi maƙwabci mai firjin sola ya ajiye maka. Ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa yana rage zafi, amma ban amince da shi a watan Afrilu ba.

Dattijo mafarauci, daga Yawuri:
Ɗana, kada gidanka ya rabu da zuma. Idan ka ga tana karkarwa ko tangaɗi bayan allura, sugan ne ya faɗi, sai ka shafa mata zuma a dasashi, ka garzaya wurin likita. Ka rage tuwon, ka ƙara kifi ko nama marar kitse, a mudu ɗaya da lokaci ɗaya kullum, yara kuma su daina jefa mata ƙosai. Yawancin karnuka masu wannan ciwo suna yin yanar ido, saboda haka ka nemi ƙaramin kare ya karɓi gadin dare tun yanzu.